Ƙafafun Dogo da titunan Ikko

Yaya ce ta kira ni wani daren Laraba cikin watan Yuli, ina tsaka da rufe shago a Agege. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "To, kai ka ɓata yaron nan da ƙwallo, sai ka san yadda za ka yi da shi."

Ɗanta na uku take nufi, wanda tun yana aji biyar na firamare sunansa na yanka ya ɓace, kowa Dogo yake ce masa. Shekarunsa 16, tsawonsa mita 1.98, in zai shiga ɗakin uwarsa sai ya rusuna. Laifina kuwa wata tsohuwar ƙwallon kwando ce da na kai masa tsaraba shekara huɗu da suka wuce. Daga nan ya liƙe wa wani fili a wajen Ƙofar Mata, har mai koya musu wasa ya gaya masa za a yi gwajin 'yan ƙasa da shekara 17 a Legas cikin Agusta, kwana biyu, a Surulere. Waɗanda aka ɗauka za a riƙe su ana horar da su. Yaro ya hana gida sakat.

Ban yi gardama ba, don ni ma na san ciwon. A Zariya na yi sakandare, a daidai shekarun da Hakeem Olajuwon ya ci kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Houston Rockets sau biyu a jere, 1994 da 1995. A kaset ɗin bidiyo muke kallonsa, kaset ɗin ya sha hannu har hoton yana rawa. Abin da ya fi kama mu ba tsallensa ba ne, azumin da yake yi ne yana wasa cikin Ramadan. Ga shi haifaffen Legas, ga shi sai da ya fara tsaron raga a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa kwando. Duk wani dogo a makarantarmu ya ɗauka shi ne na gaba. Ni dai gwiwa ta hana ni, Baba ma ya taya ta, na ƙare a sayar da yadi da shadda. Shekara 21 ke nan ina Agege.

Na ce wa Yaya ta turo shi. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe farawa ta yi.

Fom ɗin ta waya aka turo. Suna son takardar haihuwa, lambar NIN, hoto fasfo huɗu, takardar amincewar iyaye da sa hannu, sai takardar likita mai nuna zuciya da numfashi lafiya lau. Hoto da likita ba su ci mana kwana biyu ba. Shekaru ne suka tsaya mana a wuya. Takardar haihuwa ta ce watan Maris, NIN ta ce watan Mayu, kuma na shekarar da ta gabaci wancan. Wanda ya yi masa rajista a wani shagon kwamfuta ne ya buga abin da ya ga dama, ba wanda ya duba sai yanzu. A wani wurin kuskuren shekara ɗaya ba komai ba ne. A gwajin wasa kuwa shi ne komai, domin masu shirya irin wannan abu sun sha ganin gardi mai 'ya'ya biyu ya aske gemu ya zo yana cewa shekararsa 15. In suka ga yaro ya doshi mita biyu, takardunsa kuma suna musu da juna, ba sa ma ɓata bakinsu.

Na kira lambar da ke jikin fom ɗin. Wata mata ta ɗauka, ta saurare ni har na gama, ta ce in akwai wata shaida ta daban da ta girmi maganar ƙwallo, a zo da ita, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu. Nan Yaya ta yi abin da har yau nake sara mata. Ta zazzage akwatin aurenta kaf, a can ƙasa ƙarƙashin wasu tsofaffin atamfofi ta zaro katin riga-kafin yaron na asibiti, ya yi ja, gefensa ya cinye, da tabon man ja a kusurwa. Amma ranar haihuwa tana nan raɗau da biron ma'aikaciyar jinya, har da nauyinsa ranar da aka fara auna shi. Aka haɗa da takardar gama firamare. Wannan kai-komo shi ya cinye mana mako guda, shi ya sa yaron da na so ya iso ranar Asabar ya huta, bai bar Kano ba sai Litinin da la'asar. Gwaji kuma Alhamis.

Kafin ya iso na shiga neman takalmi. Lamba 47 yake sawa. Duk wanda bai taɓa neman 47 a kasuwa ba bai san wulaƙanci ba. Mai shago zai kalli ƙafarka, ya kalli fuskarka, ya ce na waye. Sai a Katangowa na samu, wajen masu gwanjo, bayan na zazzage buhu uku. Ƙafa ɗaya igiyarta baƙa, ɗaya shuɗiya, amma ƙasan bai suɗe ba, shi ne abin dubawa.

Motar dare ya hau, babbar nan. Tun da ya tashi nake bin sa da waya kamar mai bin kaya. "Kawu mun wuce Zariya." "Kawu muna Kaduna, an tsaya sallah." Cikin dare Suleja, daga nan suka karkata ta Bida. Da gari ya waye suna tsakanin Mokwa da Jebba a bayan jerin tankoki da tireloli, ya ce tun asuba ba su yi tafiyar kirki ba. Ilori da azahar. Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Da ya ce sun bar Ibadan sai na ce wa uwargida ta ɗora tuwo, saura kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka shekara ashirin a garin nan kake faɗin haka?" Gaskiyarta. Sun iso doguwar gadar nan ta kafin Kara ana kiran magariba, ba su ga Berger ba sai bayan isha. Ina tsaye a tasha ina cin gyaɗa, na ƙirga awa biyu da rabi a tazarar da mai keke zai yi cikin minti ashirin. Tafiyar kilomita dubu da wani abu, amma 'yan kilomitocin ƙarshen nan su suka fi cin ransa.

Da ya sauko ban gane tafiyarsa ba. Kujerun motocin nan ba a yi su don mai ƙafa irin tasa ba. Awa kusan talatin gwiwoyinsa suna tokare da ƙarfen kujerar gaba, har sun yi shaida, layi biyu baƙaƙe. Ƙafafun sun kumbura sun cika silifas, idon sawun ya ɓace. Ya durƙusa zai gaishe ni, na ji gwiwar ta yi ƙara, na ce tashi, a bar gaisuwa sai gobe. A gida na gwada masa takalmin da na sha wahala a kansa, ya ƙi shiga. Uwargida ta dafa ruwa ta zuba gishiri a babban baho, ya tsoma ƙafa, yana cin tuwo yana gyangyaɗi, loma a hannu. Muka jera masa filo uku a ƙarƙashin ƙafafu. Ranar Laraba bai san inda yake ba sai azahar. Da yamma takalmi ya shiga, da ƙyar.

A daren nan uwargida ta ce mu bi jirgin ƙasa. Na ce ba ni da katinsu, kuma ni danfo na sani, motocin bas na haya na Legas. Gaskiyar magana taurin kai ne. Kullum ina ganin jirgin yana wucewa, amma a raina na masu kwat da jakar kwamfuta ne. Na yi lissafina: Agege zuwa Oshodi, Oshodi zuwa Ojuelegba, daga nan jifa ne. An ce ƙarfe takwas. In muka fita bayan sallar asuba ai har karyawa ma yi a can.

Shida saura kwata muka fita, ana yayyafi. A Legas wannan ba sammako ba ne, masu sammako sun bar gida tun huɗu da rabi. Mun sami danfo a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, kwandasta yana rataye yana ihun Oshodi, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. Na roƙi direba ya bar Dogo ya zauna gaba, ya ce gaba kuɗinta daban, na biya. Duk da haka sai da ya karkace, gwiwa ɗaya tana gogar giya, direba yana ture ta duk sanda zai canja. Har Ikeja Along muna tafiya, a hankali dai amma ana motsi. Daga nan ruwa ya sauko da gaske.

Gosulon Legas iri-iri ne, wanda ya zauna a garin ya san bambancinsu. Akwai mai tafiya, wanda kake ja kamar kunkuru amma kana ganin alamar gaba. Akwai na mahaɗa, wanda in ka wuce wurin sai hanya ta buɗe kamar ba a yi ba. Sai kuma wanda direba yake kashe mota ya ciro waya. In ka ga masu tallan biskit da ruwan leda sun daina gudu, suna tafe a natse tsakanin motoci suna ba da canji ba gaggawa, to ka san irin na ukun ne. Shi muka samu kafin Oshodi. Wata tirela ce ta mutu a inda ruwa ya taru, ta cinye layi biyu, kowa kuma ya ce shi zai fara bi ta ragowar. A gefenmu motocin BRT suna wucewa fuu a layinsu da aka killace, fasinjojin ciki suna kallonmu ta gilashi. Wani mai ƙaramar mota ya gaji ya faɗa layin nasu, bai yi nisa ba masu kaki suka tare shi, muka wuce shi daga baya yana ta rantse-rantse.

Dogo ya juyo ya ce, "Kawu, ƙarfe nawa?" Na ce bakwai da rabi. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya. A karo na uku na ce ya daina, agogon ba ya tura mota. Da a da ne da tuni na tsayar da 'yan acaba biyu, yaranmu ne ma akasari, mu ratsa. Amma tun watan Yunin 2022 aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere, da yawa daga waɗanda na sani sun koma gida ko sun koma tura baro a Mile 12. Ranar na tuna da su ƙwarai.

Takwas da 'yan mintuna muka sauka a Oshodi, muka sake wata motar ta Mushin. A Ojuelegba na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ce sauka mu taka. Muka bi gefen titi cikin ruwa da taɓo, takalmin gwanjo a leda a hammatarsa, har muka hango fitilun babban filin wasa na ƙasa, wanda aka yi wasannin Afirka na 1973 a cikinsa. Filin gwajin yana nan kusa. Tara da minti goma muka shiga.

Matar da na yi waya da ita ce a teburin rajista. Ta ɗaga katin riga-kafin nan da yatsa biyu, ta juya shi, ta yi dariya, ta nuna wa na kusa da ita. Ta ce ba a taɓa kawo mata irinsa ba. Ta rubuta 114 a wata takarda ta manna masa a ƙirji. Sauran yara sun fi awa guda suna ɗumama jiki, shi kuwa daga titi sai layin awo. Aka auna tsawo ba takalmi, aka sa ya buɗe hannuwa jikin bango aka auna daga yatsa zuwa yatsa, mita 2.06, mai awon ya ɗaga gira. Sai tsalle: a shafa alli a yatsu, a tsaya cak, a daka a taɓa bango. Kwando mita 3.05 yake daga ƙasa, a Kano Dogo yana kama ƙarfensa da hannu biyu ba tare da ya ja da baya ba. Ranar da ƙyar ya shafe shi. Ina zaune a benci ina gani, ƙafafun ba nasa ba ne, na motar Kano ne da danfon Oshodi.

Aka shiga gudun layi. Tsawon fili mita 28 ne, za ka taɓa layin farko ka dawo, na tsakiya ka dawo, na can ka dawo, na ƙarshe ka dawo, koci yana riƙe da agogo. A zagaye na uku Dogo ne na biyun ƙarshe. Aka koma jefa ƙwallo a guje, ta dama ba laifi, ta hagu kuwa asirinsa ya tonu, don a gida tsawo yake ci, ba wanda ya taɓa tilasta masa amfani da hagu. Wani ɗan guntun yaro daga Ajegunle, bai kai kafaɗarsa ba, ya ƙwace ƙwallo a hannunsa sau biyu a jere. Kocin, wani dattijo mai furfura da usur a wuya, ya daka tsawa da Turancin buroka, yana kiransa Aboki, wai ya sauke gindi ƙasa, tsawo ba ya tare mutum. Kalmar Abokin nan ta daɗe tana sosa mini rai a garin nan, don sau da yawa ba abota ake nufi da ita ba. Amma na lura dattijon kowa da sunan da ya laƙa masa, har da wanda ya kira Agege Bread saboda laushinsa, sai na bar ta a nan.

Komawa gida ta ci awa uku. Ba mu yi magana ba har Mangoro. Can ya ce, "Kawu, ko in koma kawai?" Na ce ai ko komawar ma sai ka sake zama awa talatin, ka ga gara ka bari sai jibi. Ya yi murmushin dole. Da muka sauka ban nufi gida ba, tashar jirgi na wuce na sayi katin Cowry biyu na zuba musu kuɗi, na tambayi lokacin jirgin safe. Uwargida ta ga katin a hannuna, ba ta ce komai ba, ta dai ɗora ruwan gishiri.

Jirgin jan layin, daga Agbado yake tasowa ya ƙare a Oyingbo, tasha takwas, a watan Oktoban 2024 ya fara ɗaukar fasinja. Mu daga Agege sai Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba. Mun samu cike, a tsaye muka tafi, amma tsayuwa ga Dogo hutu ce, ya kama ƙarfen sama kamar mai riƙe ƙofar ɗaki, ƙafafu a miƙe. Ta taga na hango titin da muka kwana a kai jiya, jajayen fitilun birki a jere har iya gani. Masu kwat suna nan, amma kusa da ni wata mai tallan kifi ce da bahonta a rufe, da wani bakanike da kayan aikinsa. Minti talatin da 'yan kai muna Yaba. Danfo ɗaya zuwa Ojuelegba, bakwai da minti ashirin muna bakin fili, ko mai shara bai gama ba. Na sayi shayi da burodi, ya ci rabi, ya shiga ya yi ta jefa ƙwallo da hagu shi kaɗai kusan rabin awa.

Rana ta biyu wasa ne sosai, biyar da biyar, minti goma-goma. A nan na ga yaron da Yaya take ƙorafi a kansa. Guntun nan na Ajegunle ya sake shigowa da gudu, ya wuce mutum biyu, ya ɗaga ƙwallo zai ajiye a kwando, sai ga hannu daga bayansa ya manne ta da allo, ɗas. Fili ya ɗauki ihu. Ni kaina ban san sanda na miƙe ba, hulata a ƙasa. Ya sake tare wasu biyu, ya kwashe ƙwallayen da suka dawo daga kwando ban san adadi ba, ya kuma yi laifi huɗu, saura ɗaya a fitar da shi, don zumuɗi ya hana shi tsayawa da ƙafafunsa. An ba shi jifan kyauta shida, biyu suka shiga. Dattijon koci ya riƙe kai.

Bayan sallar Juma'a aka tara su aka karanta lambobi ashirin. Babu 114. Na fara shirya abin da zan gaya wa Yaya, sai dattijon ya ce akwai wasu takwas da yake son su riƙa zuwa atisaye Litinin da Laraba da Juma'a har ƙarshen hutu, a sake duba su. Na huɗu a ciki shi ne Dogo. Ya kira ni gefe, ya tambaya ni ne uban, na ce kawu. Ya ce makin jiya ne ya ja yaron ƙasa, hannun hagu da jifan kyauta kuma aiki ne na wata da watanni, amma tsawon hannu da sanin lokacin tsalle ba a koyar da su. Sai ya tambayi inda muke zaune. Da na ce Agege, ya girgiza kai ya ce ƙarfe bakwai yake farawa, kuma ba ya son yaro ya iso masa a gajiye.

A hanyar komawa na yi ta lissafi: kwana uku a mako, kuɗin jirgi da na danfo, shagona da zan riƙa bari, ga ranar da jirgi zai kuɓuce mana. Kafin mu kai Mushin na tuna da wani aminin Babanmu da ke Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe a cikinta, kuma daga can zuwa filin ko da ƙafa yaro zai je. Na kira shi, na ce, "Baba, jikanka ne ya zo daga Kano, yana neman wurin kwana na mako uku." Ya ce, "Wane irin tambaya ce wannan? Kawo shi."

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da titi yake sarari, muka kai shi da jakarsa da katifar da na ɗauko daga gida. Tsohon ya fito ya ɗaga kai yana kallonsa, ya daɗe, sannan ya ce, "Dogo da hankali dace ne, Allah ya sa mun dace." Aka shimfiɗa katifa a ɗakin samari, ya kwanta don a gwada, ƙafafu suka zarce ta da kusan taƙi biyu. Tsohon ya aika aka ɗauko buhun shinkafa da ba a buɗe ba aka tokara a ƙarshen. Na kira Yaya na ba ta labari tun daga farko. Ta yi shiru tana ji, da na gama ta ce, "Katin riga-kafin nawa fa, yana ina?"